Rufin Alhaji Barau

An yi wata mai ƙosai, Tabawa, da ta yi cinikin gidan Alhaji Barau, sai banki ya hana ta rancen da ta sa rai. Suka shirya da Alhaji ta shiga gidan da marayunta tana biyan haya, hayar tana rage kuɗin gida. Da ikon Allah ta kusa gamawa, sai aka shimfiɗa kwalta a unguwar, gida ya yi tsada. Alhaji ya kai ta gaban alƙali.

Ya ce, "Na fasa. Ta kwashe iya abin da ta saya, ta bar mini nawa."

Alƙali, abokin cin tuwon Alhaji ne, ya ce, "Kin ji, baiwar Allah."

Tabawa ta gyara mayafi ta ce, "Na ji, Allah ya gafarta Malam. Amma Alhaji, da ka gina gidan, daga ina ka fara?"

"Ji tambaya! Daga ƙasa mana."

"Ni ma daga nan na fara saye. Tushe da bango sun zama nawa, rufi ya rage maka. Gobe ka zo ka tallafe rufinka a sama, in janye bangona. In hannunka ya gaji, ba ruwana."

Dariya ta ƙwace wa alƙali, ya rufe baki da rawani.

Alhaji ya share gumi ya ce, "Haba Tabawa, wasa ma ba ki sani ba? Ci gaba da biyanki."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, a shaida, rufin ma yana yoyo."