Goɗiyar Lisandro da Bindiga Mai Ruwan Azurfa

Akwai wani makiyayi a ƙauyenmu, arewa da birnin Córdoba, sunansa Lisandro Ferreyra. Abin da ya mallaka duka goɗiya ce baƙa mai suna Mora. A kanta yake kora shanun masu gona. A nan kuwa babu mai ɗaukar makiyayin da ya zo neman aiki a ƙafa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, wani ɗan kasuwa mai suna Don Casimiro ya tsaya da motarsa a dandali, ya shimfiɗa tsofaffin kaya. A ciki akwai bindigar harbin tsuntsaye mai baki biyu a jere, ƙarfen jikinta na walƙiya kamar madubi.

"Shekararta ɗari, daga Spain," in ji Don Casimiro. "Ruwan azurfar nan na asali ne, hannu bai taɓa shi ba. Masu tara irinta a birni sai su ba ka dawaki uku. Ni goɗiyarka kawai nake so."

Matar Lisandro, Ramona, tana tsaye a bayansa. Ta ja hannun rigarsa.

"Lisandro, in ba Mora me za mu ci?"

"Ke dai yi shiru. Dawaki uku zan kawo miki."

Ramona ta ruga cikin coci ta kira gwaggonsa, Doña Eulogia. Tsohuwar ba ta taɓa harba bindiga ba. Amma shekara arba'in tana goge mazaunan kyandir da kofunan azurfa na cocin, ta ga na asali, ta ga waɗanda aka kai birni aka sake musu ruwa.

Ta karɓi bindigar ta juya ta a rana. Ramona na ta murza gefen mayafinta.

"Shekara ɗari ka ce?"

"Har da ɗoriya, Doña."

"To masu ita safar hannu suke sawa kullum? Duk abin da aka riƙe shekara ɗari, inda yatsa ke zama sai ya dusashe. Wannan ko'ina sheƙi iri ɗaya."

Ta sa farce a kan zanen furanni da sunan maƙerin da aka sassaƙa a ƙarfen. Farcen ya wuce sumul.

"Ka gani, ɗana? Zanen asali yana kama farce. Wannan an goge shi da inji har bakin haruffan ya mutu, sannan aka zuba sabon ruwa ya cike ramukan. Kuma ba a goge ƙarfe haka sai in akwai abin da ake son ɓoyewa. Cire katakon nan na ƙarƙashin bakin mu gani."

Don Casimiro ya karɓe bindigar yana dariya. "Ba a kwance min kaya a titi. Ƙarfe ɗaya zan wuce, akwai likita a garin Deán Funes da ke jiranta." Ya juya ga mazan da suka taru. "Ashe a garin nan sai an tambayi mai goge kyandir kafin namiji ya yi ciniki?"

Aka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Lisandro, tambaye ta ko za ta bar ka ka sha giya yau!"

Kunnuwan Lisandro suka yi ja.

"Jira zuwa gobe kawai," in ji tsohuwar. "Ka kai ta wurin mai gyaran bindiga. In na yi ƙarya, ka tsaya a nan ka faɗa wa kowa."

"Gwaggo, koma wurin kofunanki."

"Lisandro, don girman Allah," in ji Ramona.

Kun san dai a nan in maza biyu suka yi musabaha a gaban shaidu, magana ta ƙare. Ba takarda, ba dawowa. Ramona ta zuba wa hannun mijinta ido. Ya ɗaga shi, ya ɗan tsaya, ya kalli masu dariyar. Sai ya miƙa.

Da kansa ya kwance sirdin. Mora ta ƙi hawa motar, sai da mutum uku suka tura ta.

Ranar Laraba ya shiga birni da bindigar a naɗe cikin bargo. Mai gyaran bindiga ya cire katakon da yatsa biyu. A ƙarƙashi ƙarfen duk ramukan tsatsa ne, sabon ruwan azurfa ya bi ta kansu. Ya leƙa cikin bakunan biyu ya girgiza kai.

"An sake mata ruwa, bai fi shekara biyu ba. Masu tarawa ba sa ko kallon irin wannan. Kuma kada ka kuskura ka sa mata harsashi, in kana son yatsunka."

Lokacin sa wa maruƙa alama ya zo, aka ɗebi makiyaya a gonaki huɗu, ba a kira Lisandro ba. Ramona ta koma wankin kayan mutane. Shi kuma ya samu aikin kafa shinge, yana tafiyar awa biyu a ƙafa kowace safiya.

Wata rana a hanyar ya ji haniniya a bayansa. Mora ce, tana jan amalanken bulo, haƙarƙarinta a waje. Ta ja ta tsaya da ta gan shi. Mai amalanken ya zabga mata bulala, suka wuce.

Darasi: Kada sheƙin abu ya hana ka duba ƙarƙashinsa, kuma duk mai sayarwar da ya hana ka dubawa, ka bar masa kayansa. Kada ka raina wanda hannunsa ya daɗe a kan aiki don kawai ana yi maka dariya. Masu dariyar nan babu wanda ya ara wa Lisandro doki. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman masu saurin miƙa hannu.