Je Ka Roƙi Gwani

Wallahi na san kafin ku kai ƙarshen labarin nan wani zai ce na fara shara ƙarya. To ku ce. Ni dai na faɗa, kunne ya ji.

Akwai wani saurayi da ake kira Gwani. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa. Bai gama makaranta ba, wai malaman ne suka kasa bin saurinsa. Amma a faɗi gaskiya, kwamfuta ta san hannunsa. Shi kaɗai ya koya wa kansa yaren C, wanda ake rubuta manhaja da shi.

Yana aiki a wani shago da ake juya tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Mutane kan kawo muryar kakarsu ko waƙar bikin iyayensu, a mayar musu fayil. Matsalar tsohon kaset ita ce shuuu ɗin nan da ke danne magana. Sai Gwani ya rubuta wata manhaja mai tace sautin, ya sa mata suna wanke.

Ga yadda take aiki. Ka buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, ka rubuta wanke, sannan sunan fayil biyu: wanda za a karanta, da wanda za a zuba tataccen sauti a ciki. A yaren C, duk abin da ka rubuta bayan sunan manhaja layi yake shiga, layin da ake kira argv. Manhaja ba ta san niyyarka ba. Na farko da na biyu kawai ta sani.

Akwai wani taimako da masu C ke amfani da shi, getopt, mai ba kowane abu alamarsa don kada a rikice. Gwani ya ce wannan sandar makafi ce, shi yana gani.

Ya kuma zuba tsiyarsa a ciki. Kowa ya saba tsoho a gaba, sabo a baya. Shi sai ya juya su. Fayil ɗin da ka sa a farko, wanke za ta share shi tas don ta yi rubutu a kai, ko sallama babu. In kuwa ka rubuta wanke -h, alamar da ake neman bayani da ita, amsa ɗaya za ta ba ka: "Je ka roƙi Gwani."

Abin yana masa daɗi. Ya kishingiɗa a kujera, abokan aiki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Gwani, wanne ne a gaba?"

"Ka ce don Allah."

"Don Allah."

"Ban ji ba, fanka na ƙara."

Akwai wata a shagon da ake kira Antin Kaset. Ita ce mai lallaɓa kaset ɗin da ya tsufa har ya yi magana. Ita ce ma ta juya wa Gwani kaset ɗin marigayi babansa, wanda zarensa ya tsinke a injin yana gamawa. Wata rana Gwani ba ya nan, ta sa tsoho a gaba kamar kowane mai hankali. Muryar mijin wata tsohuwa ta tafi, kuma kaset ɗin ya riga ya lalace.

Anti ce ta tsaya gaban tsohuwar ta ba da haƙuri. Da Gwani ya dawo sai ya ɗaga kafaɗa.

"Da kin jira ni."

Ba a daɗe ba ta kwashe kayanta ta buɗe nata shagon.

Daga nan Oga, mai shagon, ya kawo wata manhajar, aka daina taɓa wanke. Aka daina tambayar Gwani komai. Lokacin cin abinci sai ya ji dariyarsu a gaban shago, in ya leƙo hira ta mutu. Ya koma ɗakin baya, shi da fanka da kwalayen kaset. Yakan sa abin ji a kunne ya wuni yana sauraron mutanen da bai sani ba suna gaisawa da 'yan'uwansu. Wani lokaci har yakan amsa musu.

Ana nan sai yayarsa ta kira shi.

"Auta, yaran nan sun dame ni, ba su san muryar kakansu ba. Kana da ita ko?"

"Ina da ita mana. Bari ma in wanke ta da manhajar da na ƙera da hannuna, ki ji kamar Baba na zaune a falonki."

"Kai dai turo, ban da cika baki."

An daɗe ba wanda ya nemi wani abu a wajensa. Cikin ɗoki ya buɗe baƙin allo ya rubuta wanke. Sai yatsunsa suka tsaya.

Wanne ne a gaba?

Ya tuna ya juya su. Ya kuma tuna bayan tafiyar Anti ya yi niyyar gyarawa a ɓoye. Ya gyara ne, ko niyyar ce kawai? Asalin rubutun manhajar kuwa ya ɓoye shi a tsohuwar kwamfutarsa don kada a sace masa basira, ita kuma ta mutu da shi a ciki.

Ya waiga, ba mai kallonsa. Ya rubuta wanke -h.

"Je ka roƙi Gwani."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe. Zuciya ta ce masa ya kwafi fayil ɗin tukuna, ko ya gwada da wani. Girman kai ya ce, uwa tana gwada sunan ɗanta? Ai na gyara. Ya sa tsoho a gaba, ya danna.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ya buɗe fayil ɗin Baba, ya ƙure ƙara. Ko shuuu ɗin babu.

Ya daɗe a zaune da abin ji a kunne, yana sauraron shiru. Wayarsa ta yi haske: "Auta, muna jira."

Oga ne ya shigo ɗaukar kwali ya gan shi haka. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce, "Tun ranar tsohuwar nan Anti ta kwafe duk aikin da ta taɓa yi, ta tafi da shi. Ko naka na ciki, oho. Ƙafa dai taka ce."

Hanyar shagon Anti ba ta da nisa, amma ranar ta yi masa tsawo. Ya same ta tana naɗe zaren kaset da biro. Ya gaishe ta har da rusunawa. Ya faɗi komai, bai rage ba.

"Ka tambayi manhajar?" in ji ta.

"Na tambaya."

"Me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce in je in roƙi Gwani."

"To ga ka ga shi. Me ya kawo ka wajena?"

"Don Allah, Anti."

"Ban ji ba. Fanka na ƙara."

Babu fanka a shagon. Ya sake faɗa.

Ta jawo kujera gaban kwamfutarta. "Zauna. Za ka sake rubuta ta daga farko, da sandar makafin nan da ka raina. Abin karantawa da alamarsa, abin rubutawa da tasa. In an nemi bayani ta yi bayani. In za ta share abu ta tambaya. In ka gama, mu je gidan tsohuwar nan ka faɗa mata da bakinka wanda ya yi. Sannan ka karɓi naka."

"Yana nan ke nan?"

Sai ta danna wani abu. Shuuu ya cika shagon, sai ga murya daga ciki, tana kusa kamar a bayansa:

"Auta, bar taɓa rediyon nan, ka zo ka zauna cikin mutane."

Ta kashe. Gwani ya goge fuska da hannun riga, ya jawo kujerar, ya fara rubutu.

Darasi: Ilimin da ka kulle don a roƙe ka, wata rana kai zai kulle a waje. Duk abin da za ka ƙera, ka sa masa bayanin da baƙo zai gane, domin gobe kai ne baƙon. Ku tura wa wannan abokin naku da ba ya amsa tambaya sai an ce don Allah. In kun rasa wanda za ku tura wa, to ku sake karantawa a hankali.