Takalman Ya'u Baturke da 'Ya'yan Lawandi Uku

To jama'a, tunda an sha shayi kowa ya natsu, ku ara mini kunnuwanku. Labarin nan ba na mutanen dauri ba ne, na zamaninku ne, kuma in na kai ƙarshensa ba wanda zai tashi sai an yanke mini hukunci.

Akwai wani Baturke mai suna Zekeriya, mutumin birnin Gaziyantef, wanda ya gaji ɗinkin takalmi tun iyaye da kakanni. Shekara ashirin yana zuwa Kano sarin fata, ya kai gida ya ɗinka. Da yake Kanawa ba sa barin baƙo da dogon suna, tun zuwansa na biyu ya koma Ya'u Baturke. Ya saba da sunan har in aka ce Zekeriya sai ya waiwaya ya ga da wa ake. Hausarsa ta nuna, sai dai har gobe bai iya bambanta kai da ke ba, kuma ba ya jin haushi in an yi masa dariya.

Mai masaukinsa wani dattijon majemi ne, Malam Lawandi, mai 'ya'ya uku. Babban shi ne Ƙasimu, baduku, mutum mai ƙarancin magana. Mai bi masa Barira, wadda ta yi boko mai zurfi, ta yi shekaru tana aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Ikko kafin aure ya dawo da ita Kano. Sai autansu Nafi'u, direban babbar mota, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa a gemu. Dukansu Baba Ya'u suke ce wa baƙon mahaifinsu.

Wata shekara Ya'u ya ji ana ta maganar yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka ƙulla, cewa kayan wata ƙasa za su riƙa shiga wata ba tare da nauyin harajin da aka saba ba. Ya zauna ya yi tunani. Me ya sa zai riƙa ƙetare teku da fata, ga kasuwa nan shimfiɗe tun daga Kano har inda ƙafa ba ta taɓa kai shi ba? Ya koma gida ya sayar da shagon da ya gada, ya shawo kan ƙannensa biyu suka haɗa hannu da shi, ya lodo injina ya dawo. Ya buɗe masana'anta a bayan gari, ya ɗauki ma'aikata arba'in maza da mata, aka shiga ɗinka baƙin takalmin 'yan makaranta, irin wanda yaro zai buga ƙwallo da shi shekara guda bai yage ba.

Ba a daɗe ba labarin takalman ya kai kunnen wata attajira a Gaundare ta ƙasar Kamaru, Hajja Dudu, wadda ke sayar da kayan makaranta a garuruwa da dama. Ta aiko a cika mata mota guda. Ya'u don murna da kansa ya raka kayan.

A bakin iyaka wani jami'in kwastan ya buɗe kwali, ya ɗauki takalmi ɗaya ya jujjuya, ya kifa shi ya karanta tambarin da ke ƙasansa. Cikin ladabi ya ce, "Malam, fatar nan ta Kano ce, ban musa ba. Amma ƙasan takalmin fa? Zaren fa? Maɓallin fa?"

Ya'u ya ce, "Duk daga ƙasarmu na zo da su. Su ne masu kyau."

Jami'in ya ce, "To ka ga. Sauƙin da aka yi na kayan Afirka ne, ba na kayan da suka kwana a Afirka ba. Kuma ko takardar shaidar asalin kaya ba ka riƙo ba. In za ka shiga, sai ka biya haraji cikakke."

Aka buga wa Hajja Dudu waya. Ta ce in aka ɗora harajin nan a kan takalmi, babu uban da zai saya wa ɗansa, a yi haƙuri. Haka Ya'u ya juyo da kayansa.

Kwana uku bai leƙa masana'anta ba. Yana tunanin shagon kakansa da ya salwantar, da ƙannensa da suka amince masa, da mutum arba'in da zai kalli idonsu ya ce su koma gida. Ran na huɗu Malam Lawandi ya kira 'ya'yansa a zaure, ga Ya'u zaune kansa a sunkuye, ya ce, "Mutumin nan shekara ashirin yana cin tuwon gidan nan. Ba zai koma garinsu da kunya ba ina raye. Kowa ya duba abin da Allah ya hore masa." 

Ƙasimu ne ya fara tashi. Ya rufe shagonsa na dukanci, ya hau mota ya yi kudu inda ake tatsar danƙo, yana bin masu narka roba gari gari har ya sami wasu a Aba da suka yarda su zuba masa ƙasan takalmi. Na farko da ya kawo ya yi tauri kamar katako. Na biyu ya yi laushi, kwana goma ya suɗe. Na uku ya yi daidai, amma gam ɗin da Ya'u ya saba aiki da shi ya ƙi kama shi, ruwa na taɓawa sai takalmi ya buɗe baki. Ya'u ya ce a haƙura, abin ba zai yiwu ba. Ƙasimu ya ƙi haƙura. Ya tuna yadda tsofaffin dukawa ke ɗinke ƙasan takalmi da tsinke a zagaye, ya zauna kan ɗaya daga cikin injinan yana kwancewa yana ɗaurawa, har ya sa shi yin wannan ɗinkin. Ya sami masu zare a Kano, ya sa maƙeran Tamburawa suka buga maɓallai. Wata huɗu ya yi a haka, allura ta huda masa yatsa har farce ya fita. Ran da ya gama, ya jiƙa takalmi ɗaya cikin bokiti kwana biyu, ya ɗauko ya miƙa wa Ya'u ya ce, "Baba Ya'u, ja." Ya'u ya ja iya ƙarfinsa, takalmi ko gezau. Tun daga sama har ƙasa babu abin da ya ƙetaro teku.

Ita kuwa Barira ta ɗauko dokokin yarjejeniyar, tulin takardu da ko lauyoyi ke gudu, ta bi su layi layi. Ta gane cewa faɗa da baki ba ya wadatarwa, sai an nuna inda kowane abu ya fito. Ta bi fatun har kasuwannin ƙauyen da aka saro su, ta karɓo shaidar masu roba da ta masu zare da ta maƙera. Ofis bakwai ta zaga, wani ya ce ta dawo jibi, wani ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Sau biyu wani ɗan tsakani ya ja ta gefe ya ce akwai hanya mai sauƙi, ta ce masa takardar da aka samo ta bayan gida ranar da aka fi bukatarta take tona asiri. Da takarda ta fito, sai ga wata matsalar: Hajja Dudu ta riga ta yi magana da wasu masu kawo takalmi daga wata nahiya. Barira ta bar 'ya'yanta wurin kakarsu, ta tafi Gaundare da ƙafarta. Da ɗan Fulatancin da ta tsinta wurin surukarta ta shiga gidan Hajja, ta kwana biyar tana bin ta rumfa rumfa. A nan ta lura iyaye na karanta lambar ƙafa da bayanin kwali da Faransanci, ta bugo waya aka canja bugun kwalaye gaba ɗaya. Ranar da za ta taho Hajja Dudu ta ce, "Ke 'yar nan kin fi ƙarfina. Na ba ku dama ɗaya. Amma kaya su iso kafin a koma makaranta. In aka buɗe da kwana ɗaya, kada ma ku sauke."

Saura Nafi'u. Aka gama ɗinki a makare, damina ta yi tsakiya, saura kwana shida a buɗe makarantu. Aka loda kaya a motar Nafi'u, Ya'u ya sake shiga gaban mota. Sun wuce Yola da 'yar tazara suka tarar da layin motoci, ruwa ya cinye wani kwalbati, hanya ta rabu biyu. Aka ce masu gyara sai mako mai zuwa. Wasu samari suka zo suka ce akwai hanyar daji da 'yan fasa-ƙwauri ke bi, kafin la'asar sun tsallaka da su Kamaru. Ya'u da ido ya rufe ya ce a bi. Nafi'u ya kashe mota ya ce, "Baba Ya'u, in muka bi daji, wahalar Yaya Ƙasimu da ta Yaya Barira ta tashi a banza. Takardar nan sai an buga mata hatimi a ƙofa. Ka ba ni yini biyu." Ya gangara ƙauyen da ke kusa, inda shekarun baya ya taɓa ɗauko matar mai garin tana naƙuda ya kai ta asibiti. Mai gari ya sa aka yi shela. Maza suka fito da gatura da kwanduna, aka yi ta zuba duwatsu da gumagumai a inda ruwan ya fi faɗi ya rage ƙarfi. Aka sauke kwalaye ɗari huɗu, aka lulluɓe su da leda, aka tsallaka da su a ka. Sannan Nafi'u ya ce kowa ya matsa, ya shiga motar shi kaɗai. A tsakiya tayar baya ta zame, motar ta karkata har Ya'u ya rufe ido yana salati da harshen garinsu. Da ya buɗe, sai ya ga mota a ƙetare, Nafi'u ya leƙo ta taga yana dariya.

A bakin iyaka aka duba takalmi, aka duba takarda, aka buga hatimi. Suka shiga Gaundare saura kwana ɗaya. Kafin mako ya zagayo ba sauran ko ƙafa ɗaya a rumfunan Hajja Dudu.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Shekara uku ana aiki, ma'aikata suka ninka, takalman suka kai garuruwan da Ya'u bai iya faɗin sunansu ba. Masu roba a Aba suka ƙara injin, maƙera suka ɗauki sababbin hannu. Ya'u ya yi ƙiba, ya koyi cin ɗanwake da yaji. In ya ga yara sun taso daga makaranta sai ya tsaya yana kallon ƙafafunsu yana murmushi.

Ana nan sai idonsa ya fara raunana, ga matarsa Gulsum ta bugo ta ce jikokinsa sun fara tafiya ba su san fuskarsa ba. Ya yanke shawarar komawa gida, ya riƙa leƙowa sau biyu a shekara. Ƙannensa suka ce sun yarda, amma a ba su sunan mutum ɗaya da zai shugabanci masana'anta, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, don jagoranci ba ya yiwuwa da baki uku.

Ya'u ya rasa yadda zai yi. In ya tuna Ƙasimu, sai ya ce ba don shi ba da babu takalmin da za a kira na Afirka, amma mutum ne da zai yini bai ce wa baƙo sannu ba. In ya tuna Barira, sai ya ce ba don ita ba da takalmin na nan jibge ba takarda ba mai saye, amma ba ta taɓa riƙe allura ba, ga saurin fushi. In ya tuna Nafi'u, sai ya ce ba don shi ba da kaya sun ruɓe a bakin rafi, ko kuma shi Ya'u da kansa ya jefa su hannun hukuma, amma Nafi'u ba ya iya zaman ofis na awa guda.

Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai sauƙaƙa masa. Ƙasimu ya ce, "Duk yadda ka yi daidai ne." Barira ta ce, "Baba Ya'u, ba zan yi maka ƙarya ba, ina so, kuma zan iya. Amma ba zan yi gaba da 'yan'uwana a kai ba." Nafi'u ya yi dariya ya ce, "In ka ba ni zan riƙe, in ka hana ni mota tana nan."

Sai ya tafi wurin Malam Lawandi, ya same shi a inuwa yana duba wata jar fata. Ya zayyana masa komai, ya ce, "Malam, ke ce ubansu, ke za ki zaɓa."

Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ya'u, ni na haife su, ba ni da na zaɓe a ciki. Kai ka ga aikinsu da idonka. Jirginka yaushe ne?"

Ya'u ya ce, "Ran Laraba."

Malam Lawandi ya ce, "To kana da kwana biyar." Ya mai da kansa kan fatarsa.

To jama'a, ga Ya'u Baturke can zaune da alƙalami a hannu, takarda na jiran suna ɗaya. Ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko, tsakanin Ƙasimu da Barira da Nafi'u, sunan wa ya kamata ya rubuta?