Haruffan Gishiri

A zamanin da aljanu ke auratayya da mutane, an yi wani sadauki, Yarima Nagoma, ɗan Sarki Mudassiru. Mahaifiyarsa aljana ce. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, maganar mutane ta kuɓuce mata, ta koma harshen ƙuruciyarta. Kullum tana riƙe da hannunsa tana nanata wata magana, shi kuwa bai san me take cewa ba. Baƙin ciki ya ishe shi, ya rataya takobi, ya rantse sai ya fahimci uwarsa kafin ta cika.

Ya keta hamadar da rairayinta ke narkar da kofato, ya sare matsafin da ke tsaron Ƙofar Hayaƙi, har ya durƙusa gaban Ƙalzumu, sarkin aljanu, ya roƙi a koya masa harshensu. Harshensu kuwa abin al'ajabi ne: ba a haɗa leɓe, sai gurnani daga ƙirji da fito, kalmar murna a furzar da ita, ta tausayi a ja ta ciki da numfashi. Haruffansu ɗigo ne da ƙugiya da tsaga, a kan kantun gishiri ake sassaƙa su, da lasa ake karantawa.

Ƙalzumu ya ce, "Ya kai bil'adama, duk harafin da ka lasa zai kori wani harafi daga harshen ubanka, ba kuwa zai dawo ba."

Nagoma ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a kawo gishirin."

Gimbiya Zabba'u, 'yar sarkin, ita ta koya masa. Da fari dariya take yi, don fitonsa kamar na zabo mai mura yake, amma da ta ga harshensa ya tsage yana jini bai daina ba, sai so ya kama ta. Aka ɗaura aure, suka nufo gida.

Ya iske uwar da sauran numfashi. Ta shafa fuskarsa, ta ja maganar nan ciki, ya ji ta sarai: "Ɗana, ka rame. Ka ci abinci?"

Ya amsa mata da harshenta, "Na ci, Inna." Ta yi murmushi, ta cika.

Bayan zaman makoki, tsohon sarki ya naɗa masa rawani da hannunsa, ya rungume shi yana kuka, ya daɗe yana sa masa albarka. Nagoma ya ƙura wa bakin uban ido, hawaye na zuba. Ko kalma ɗaya bai gane ba.