Hannun Roscoe

Ranar Asabar, sha takwas ga Nuwamba, da ƙarfe biyu da rabi na rana aka busa usur na fara wasan. Daga nan abin ya fara.

Akwai wani saurayi a wata jami'a a Mississippi, sunansa Keldrick Ashby. Shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar makarantar a wasan ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da hannu ana ture-ture, kowane hari daga hannunsa yake tashi. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Masu sharhi sun riga sun yanke cewa in Afrilu ta zo, lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zaɓar 'yan wasa daga jami'o'i, a zagayen farko za a kira sunansa.

Ubansa Purvis ya fi kowa yarda da haka. Tun yaron bai iya ɗaure takalmi ba yake rataye masa tsohuwar taya a bishiya, yana sa shi jefa ƙwallo ta cikinta.

Cikin ƙartai biyar da ke tare wa Keldrick gaba, na hagu shi ne mai tsare masa bayan da idonsa ba ya gani. Roscoe Bellamy ke nan, ƙaton yaro mara yawan magana. Ɗaki ɗaya suka zauna a shekararsu ta farko.

Ana saura 'yan kwanaki wasan, ƙashi ya karye a hannun Roscoe wajen atisaye. Keldrick kaɗai ya gani. Ya bi shi har wurin ajiye motoci, ya roƙe shi kada ya nuna wa likita, domin wakilan manyan ƙungiyoyi za su zo kallo, kuma wanda zai maye gurbinsa sabon shiga ne.

"Haba ƙato, wasa ɗaya ne fa. Ka naɗe shi da filasta. In suka sa ɗan tsakon nan a bayana, gawata za ku kwasa."

Roscoe ya dubi hannun, ya dubi abokinsa. Ya naɗe.

Wasan bai yi kyau ba. An kayar da Keldrick daga hagu, an sake kayar da shi. Sau huɗu ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, biyu daga ciki kuwa ba wanda ya ko taɓa rigarsa. Aka lallasa su a gida.

A nan kowa ya san abin da mai jefa ƙwallo yake faɗi bayan an sha kashi. Yana tsayawa gaban 'yan jarida ya ce laifinsa ne, ko da ba nasa ba ne. Shi ake ɗagawa ranar nasara, saboda haka shi yake ɗaukar kunya ranar faɗuwa. Ko yaran sakandare sun san wannan.

Amma Purvis ya tare ɗansa a bakin ɗakin canza kaya, ransa a ɓace. Ya ce kada ya kuskura ya ɗauki kayan wani, ya faɗi sunan wanda ya bar ƙofa a buɗe.

Keldrick ya tsaya gaban kyamarori ya ce, "Ba a jefa ƙwallo a kwance. Ku je ku tambayi Bellamy abin da yake yi a hagu yau."

Kafin gari ya waye, mutanen da ba su taɓa ganin Roscoe ido da ido ba sun zage shi sun zagi uwarsa a waya. Roscoe bai tona asirin Keldrick ba. A Disamba aka yi masa tiyata a makare. Yatsu biyu suka ƙi lanƙwasuwa, ya ajiye wasa.

Dillalin da ke nema wa Keldrick ƙungiya, wani Mista Haskew, ya ce mummunan wasa ɗaya ba ya kashe mutum. Wataƙila ya sauko zagaye na biyu, shi ke nan. Abin da ya rage shi ne ganawar Fabrairu, inda kowace ƙungiya ke zaunar da yaro a ɗakin otal ta sa masa hoton wasansa mafi muni. Ya ja wa Keldrick kunne: in an tambaye shi, ya ce laifinsa ne, ya yi shiru.

Keldrick ya ji haushin wannan ma. Shekara huɗu yana cin wasa, ba wanda yake son magana sai a kan rana ɗaya.

A wani ɗaki ya tarar da wani tsohon koci mai furfura, yana taunar cingam. Kocin bai nuna ƙwallayen da aka ƙwace ba. Sai ya tsayar da hoton a kan Roscoe, ya tambaya me ya sa yaron nan yake turi da gwiwar hannu.

Keldrick ya ce bai sani ba.

"Ɗaki ɗaya kuka zauna, ba ka sani ba?"

Nan zuciya ta ɗebe shi.

"Yallaɓai, in hannunsa a karye yake, wa ya ce ya shiga? Ni ba likitansa ba ne."

Kocin ya daina tauna.

"Ban ce a karye yake ba, ɗana. Likitocin makarantarku ma sai bayan wasan suka sani. Ashe kai ka sani." Ya kashe hoton. "Ina da mutum biyar da za su tsaya a gabanka, wasu da 'ya'ya. Wanne zan ce wa ya karye dominka?"

A otal ɗaya wakilan ƙungiyoyin suke kwana, a tebur ɗaya suke cin abinci. Kafin a watse, maganar ta zaga.

Da Afrilu ta zo, Purvis ya kafa rumfa a tsakar gida, ya gasa nama, aka soya tarwaɗa da burodin masara, ya gayyaci duk 'yan cocinsu. Ya jera hulunan ƙungiyoyi a kan tebur, don ɗansa ya ɗauki ta wadda ta kira shi. Ba a gayyaci Roscoe ba.

Kwana uku ake zaɓen, ana nunawa a talabijin. Alhamis ta wuce ba a kira shi ba. Juma'a masu kyamarar da suka zo ɗaukar murnar suka naɗe wayoyinsu. Asabar Mista Haskew ya daina ɗaukar waya. Waɗanda suka cinye naman suka dinga sulalewa ta bayan gida, wasu da ƙunshi a hannu. Da la'asar aka karanta suna na ƙarshe, na wani yaro ne daga wata makaranta da ba wanda ya san ta.

Purvis ya miƙe yana zagin wakilai, yana zagin masu sharhi, har ya kai kan Roscoe. Matarsa Lurleen, wadda ba ta ɗaga murya, ta ajiye tiren da ke hannunta.

"Purvis, ya isa. A teburin nan yaron nan yake cin abinci duk Lahadi, yana ce mini Mama. Kun cinye hannunsa, kun bi da sunansa. Kada in sake jin shi a bakinka."

Keldrick ya fita bayan gida ya buga wa Roscoe waya. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Waɗanda suka rage a gidan: Lurleen, tana wanke tukwane. Kakar Keldrick, a kujerarta, Littafi Mai Tsarki a cinya. Wani dattijon coci da ya tsaya naɗe kujerun aro. Purvis a baranda, shi kaɗai. Sai Keldrick, cikin sabon kwat, a tsaye.

Darasi: Mutane suna yafe wa wanda ya kasa rana ɗaya. Wanda ya ɗora laifinsa a kan mutumin da ya sha wahala dominsa kuwa, ba mai yarda ya sake tsaya masa. In ka faɗi, ka ɗauki faɗuwarka da kanka. Ku tura wa matasanku su karanta, da iyayen da ke zuga su.