Kurege a Cikin Akwatin Ci-gaba

Ku matso kusa, ga wata nan ta zo da ƙafarta.

A shekarar da damina ta yi wa dajin Tsaunin Gawo rowa, yunwa ta taɓa kowa, amma Kurege ta yi wa kamun kazar kuku. Ana cikin haka sai ga Giwa, wakiliyar masu ba da agaji daga ƙetaren kogi, ɗauke da wani ƙaton akwati. Dabbobi suka hau lasar baki, sun zaci hatsi ne. Ashe na'ura ce.

"Wannan shi ne ci-gaba," in ji Giwa. "Duk abin da kuka tambaye ta za ta amsa. Zan dawo bikin ƙaddamarwa da masu ɗaukar hoto."

Kura ta ce, "Hajiya, abinci fa?"

"Ku tambayi na'ura."

To, dajin da ko fitilar ƙwai babu, ina za a samo lantarki? Akwati ya zauna gindin tsamiya shiru kamar tukunyar da aka kife. Hankalin Zaki, shugaban daji, ya tashi, don ya riga ya ba da ɗinkin babbar rigar biki.

Kurege ya zagaya bayan akwatin, ya ga wata 'yar kafa daidai jikinsa. Ya shige, ya gurgure wayoyin ciki ya yi shimfiɗa da su, sannan ya fito ya zube gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, ga injiniyan da ka rasa! Kakana ne ya koya wa walƙiya hanyar sauka ƙasa. Na'urar nan lafiyarta ƙalau, data ce babu. Datar daji kuwa gyaɗa ce, soyayyiya, da ɗan gishiri. Ni zan hau tsauni in riƙe muku sabis, kada ku neme ni."

Da gari ya waye, layi ya kai bakin rafi. Kura ce a gaba, ta zuba gyaɗa ta bakin akwatin. Kurege na ciki, ya toshe hanci ya siranta murya.

"Barka da zuwa. Domin Hausa, zuba gyaɗa. Domin Kuranci, ƙara gyaɗa."

Kura ta ƙara. "Ina nama yake?"

"Naman da kike nema ba ya kusa a halin yanzu. Sake gwadawa an jima."

Kura ta dafe ƙirji. "Wallahi gaskiya ta faɗa! Ba ya kusa!"

Da gari ya waye, Zaki ya zo da kansa, da buhu guda. Ya kori kowa, ya kara baki jikin akwatin ya yi raɗa, "Talakawana suna so na?"

"Bincike ya nuna har waɗanda ka cinye suna yaba maka."

Daɗi ya kashe Zaki. Nan take ya kafa kwamiti, ya yi doka: kowane gida ya kawo wa na'ura gyaɗarsa, har wadda aka ɓoye don iri. Abin haushi, suna kawowa suna godiya. Kurege kuwa yana ciki ya miƙe ƙafa, yana ɓarewa yana yi wa kansa kirari: "Sai ni Kurege, ɗan ƙaramin da daji ke yi wa layi! Zaki na da farce, ni ina da sabis!"

Da gari ya waye, Giwa ta iso da masu hoto. Ba wanda ya san cewa injiniya ya ci har kafar nan ta daina ɗaukar cikinsa, barcin ƙoshi kuma ya yi awon gaba da shi. Aka yanke kirtani, aka tafa. Giwa ta ce, "Na'ura, faɗa wa duniya yadda rayuwar dajin nan ta canja."

Sai aka ji minshari daga cikin akwati.

Gumi ya jiƙa sabuwar rigar Zaki. Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, mu a gidanmu in rediyo ta yi gardama, mari ake ɗauke ta da shi." Ta kai wa akwatin mari. Zaki ya ƙara nasa. Ɓauna ta ce a'a, batir ne ya yi sanyi, a shanya shi. Suka ɗora akwatin kan falalen dutse, rana tsaka.

Kurege ya farka ya ji yana gasuwa. "Wayyo! Ruwa! A kawo ruwa!"

"Kun ji ko?" in ji Giwa. "Har ta gano kuna buƙatar rijiya. Ku ɗauke ni hoto da ita!" Ta ɗora ƙafa kan akwatin tana murmushi. Akwati ya ce ɓaras! Sai ga Kurege ya mirgino cikin ɓawon gyaɗa, ciki kamar tulu.

Kura ta dube shi, ta dubi tsauni. "Injiniya, to wa ke riƙe mana sabis?"

Kurege ya ranta a na kare. Farcen Zaki ya zane masa baya, Kura ta tsira da rabin gashin jelarsa, Ɓauna ta cilla shi ƙetaren rafi da ƙaho. Ya tashi yana ɗingishi, ido a kumbure, ya haye wani suri ya waiwayo.

"Butulai! Wa ya taɓa amsa muku tambaya a dajin nan kafin ni? Ku zauna da tarkacenku. An ce an kai wa dajin gaba jirgi marar matuƙi, to ga matuƙi nan tafe!"