Laujen Dila da Laujen Baba Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, in ji ku. To, ga ta ta iso.

A wani gari na bakin fadama an yi wata mata, sunanta Tasalla. Mijinta Barau ya rasu da bazara, ya bar ta da 'ya'ya biyu ƙanana, da 'yan kaji, da akuya ɗaya mai ba yaran nono, da 'yar gonar shinkafa. Da aka zo rabon gado, ƙannensa suka kwashe kayan aikinsa kaf, fartanya da gatari da lauje, suka ce ai kayan maza ne. Tasalla ta ari fartanya ta yi shuka, ta yi noma da goyo a bayanta, Allah kuwa ya sa wa hannunta albarka. Shinkafa ta yi kyau har ta sunkuyar da kai. Abincinsu na shekara ke nan tsaye a gona, ba su da wani bayansa.

Shinkafa ta nuna, lauje babu. Sai ta zaga gidajen maƙwabta neman aro, kowa ya ce ta yi haƙuri, nasa yana hannu. Ba rowa ba ce, lokacin yankan shinkafa ko ɗan'uwanka ba ya ba ka aron lauje.

Tana tsaye a bakin gona tana tunani, sai ga Jan-baki, 'yar tsuntsuwar nan mai cin hatsi, ta sauka a kan kara.

Ta ce, "Sannu da aiki, mai gona."

Tasalla ta ce, "Yauwa. Lafiya dai ko?"

Jan-baki ta ce, "Lafiya lau, leƙe na zo. Rundunarmu tana fadamar gabas, mun kusa gamawa. In mun gama, nan muka nufo. Na ga ke kaɗai ce, shi ya sa na gaya miki. Ci kam sai mun ci, ba don mugunta ba, mu ma muna da 'ya'ya."

Sai ta tashi fir. Tasalla ta ɗaure zani ta nufi kasuwa.

To, masu lauje biyu ne a garin. Akwai Baba Cindo, tsohon maƙeri, maƙerarsa tana can ƙarshen gari. Tasalla ba ta taɓa taka ƙofarta ba, don duk wata hulɗa da maƙeri Barau ne yake yi. Akwai kuma Dila, wanda ya baza hajarsa a bakin kasuwa daidai inda kowa zai wuce, laujuna jere a tabarma suna ƙyalli, ga damin ɗanyar ciyawa a gefe.

Dila ya ce, "Maraba da uwar ɗakina! Lauje kike nema, na gani a idonki."

Ta ce, "Wurin Baba Cindo zan je."

Dila ya riƙe baki, ya ce, "Wurin Baba Cindo? To, sai ki koma gida ki jawo akuyarki. Wannan tsoho ba ya ɗaga masaɓa sai ya ga abu mai ƙafa huɗu. Ni kuwa ƙwan kaji kawai za ki ba ni. Gwada ki gani."

Ya miƙa mata lauje da ɗanyar ciyawa. Ta ja, sai ciyawa ta tsinke tsaf. Tasalla ta tuna da nonon yaranta, ta tuna da kunyar shiga maƙera cikin maza ta tambayi abin da ba za ta iya saya ba. Sai ta koma gida ta kwaso ƙwai, ta karɓi lauje.

Kada ku yi mata dariya. Wanda bai taɓa tsayawa da abu ɗaya tak a hannunsa ba, shi ne yake cewa mai sayen araha wawa ne.

Ta isa gona, ta yi bisimilla, ta kama karan shinkafa. Ashe ɗanyar ciyawa daban, busasshen kara daban. Ba ta yi nisa ba sai lauje ya lanƙwashe kamar ganyen rama. Ta taka shi da ƙafa ta miƙar, ya sake lanƙwashewa. Ta sake miƙarwa, sai ya karye ɓas.

Sai ta koma wurin Dila da gutsattsarin a hannu.

Dila ya ce, "Ayya! Ai ƙanen kika ɗauka, na yankan ciyawar akuya. Me ya hana ki ce mini shinkafa ce? Ga yayan nan, dubi kaurin ƙarfensa. Wannan kaza ɗaya ne, don ke ce."

Ta lanƙwasa shi da hannu, bai lanƙwasu ba. Ta kawo kaza, ta karɓa. Ta koma gona ta yi ta yanka, har ranta ya fara sanyi. Sai ta kama wani dunƙule mai kauri ta ja da ƙarfi, sai ga ƙota a hannunta, ƙarfen kuwa ya tsaya a cikin kara. Ashe ba a ƙona wutsiyar ƙarfen an kafa ta a cikin ƙota ba, da ƙaro aka liƙa, rana na dukansa ya saki. Garin fizgar nan har ta yanke a yatsa.

Jan-baki ta zo wucewa, ta ce, "Mai gona, saura kaɗan fa."

Tasalla ta ɗaure yatsa da tsumma. Wannan karon ta ce ta yi wayo, ta tsinko busasshen karan shinkafa daga gonarta ta tafi da shi kasuwa.

Ta ce, "Dila, ka ji tsoron Allah. Marayu nake ciyarwa."

Dila ya dafe ƙirji, ya ce, "Ni ma abin ya dame ni, wallahi ko abinci ban iya ci ba. Tsaya in ɗauko miki nawa na kaina." Ya kewaya bayan rumfa, ya goga wani lauje a dutse sauri-sauri, ya fito da shi yana walƙiya. Ta jijjiga ƙota, tana nan daram. Ta gwada a karan da ta zo da shi, ya yanke kamar an aske. Dila ya ce kuɗinsa sauran kajin ne duka, har da zakara. Sai ta je ta kamo su.

Kaifin kasuwa ne, jama'a, ba kaifin gona ba. Ƙarfe ne mai taushi, yana karɓar wasawa nan da nan, yana kuma sakin ta nan da nan. Kafin ta haɗa dami ɗaya bakinsa ya mutu, ya koma tauna kara maimakon yanka. Ta wasa, ya mutu. Ta wasa, ya mutu. Da ta koma kasuwa, sai ta tarar da wurin Dila wayam, sai gashin kajinta a ƙasa.

Nan Tasalla ta zauna ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye, sai ta je gida ta kwance akuya, yaran suna kallonta, ba ta iya haɗa ido da su ba. Ta ja ta har ƙofar maƙera, ta durƙusa daga waje ta yi sallama.

Baba Cindo ya ɗago kai, ya ce, "Wa nake gani kamar matar Barau? Shigo mana, 'yata. Ina za ki da akuya?"

Ta ce, "Baba, kuɗin lauje ce."

Ya ce, "Wa ya ce miki akuya nake karɓa?"

Ta kwashe labari duka ta gaya masa. Tsoho ya girgiza kai, ya ce, "Baƙo mai wucewa, shi ne yake ba ni akuya, don ba zan sake ganinsa ba. Amma ɗan gari mai gona, tun kakanninmu ba haka ake yi ba. Ina ƙera masa, in ya yi girbi ya kawo mini dami uku manya. Haka muka yi da Barau har ya koma ga Allah. Bai taɓa gaya miki ba?"

Ta ce, "Ban taɓa tambaya ba, Baba."

Ya ce, "To, ba araha ba ne, kada ki ce na ruɗe ki. Dami uku abinci ne mai yawa. Kuma mai lauje shi yake zuga wutar laujensa. Ɗaure akuyarki a inuwa, ki zo ki kama zuga-zugi."

Ta zauna ta kama zuga. Ya zuba gawayin ƙirya, ya zaɓo wani baƙin ƙarfe mara kyan gani ya tura cikin wuta. Ƙarfe ya yi ja, ya ciro da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera ya yi ta duka, ya mayar wuta. Tana cikin zuga sai ta hango wani baƙin abu ya taso daga gabas kamar hadari. Ba hadari ba ne. Rundunar Jan-baki ce, suna tafe suna waƙa:

"Ta nuna, ta nuna,
Mai gona ba ta zo ba,
Mu ci mu bar mata kara."

Tasalla ta ce, "Baba, sun sauka! Ba ni shi haka nan, ai ya yi kamar lauje."

Ya ce, "Zuga."

Ta zuga. Ya ciro, ya doka, ya lanƙwasa, ya mayar. Waƙar tsuntsaye tana shigowa har cikin maƙera.

Ta ce, "Baba, don girman Allah! Abincin yarana suke ci!"

Ya ce, "Na ji su, 'yata, ba kurma ba ne ni. Zuga."

Ta zuga tana kuka, hawaye yana ɗiga a kan fatar zuga-zugi. Da ya sake cirowa, sai ta miƙe tsaye ta ce ko ya ba ta ko ta ɗauka da kanta.

Baba Cindo ya dube ta da tausayi, ya ce, "In na ba ki shi yanzu, laujen Dila na huɗu na ba ki. Ki je ya mutu a hannunki a tsakiyar gona, ki rasa rabin da suka ci, ki rasa rabin da suka bari. Zaɓi ɗaya."

Wannan magana ta fi dukan masaɓa zafi, amma gaskiya ce. Sai ta koma ta zauna ta kama zuga. Ya ƙarasa duka, ya tsoma bakin ƙarfen a ruwa ya yi cuu, ya ɗan mayar da shi wuta don kada ya yi tsauri ya karye. Ya gasa wutsiyar ta yi ja, ya kafa ta cikin ƙota har hayaƙi ya tashi. Ya wasa shi a hankali, sannan ya miƙa mata. Baƙi ne ƙirin, ko ƙyalli ba ya yi.

Ta fizga da gudu, ko godiya ta manta.

Da ta isa, gefen gabas na gonar ya zama kara tsura. Ta faɗa cikin abin da ya rage, tana yanka tana ihu tana korar tsuntsaye. Lauje yana shiga kara shar, shar, bai lanƙwashe ba, ƙota ba ta motsa ba, baki bai mutu ba. Suna ci ta can, tana yanka ta nan, duk abin da ta yanka ta tara ta rufe da zana. Haka suka yi ta yi har suka haɗu a tsakiyar gona, babu sauran kan shinkafa a tsaye.

Jan-baki ta sauka a kan kara, ta ce, "Mai gona, da da wannan kika fara, da ko ƙwaya ba mu samu ba."

Tasalla ta ce, "Na sani. Tafi ki ba ni wuri."

Ta ɗaure dammuna, ba su kai rabin abin da ta shuka ba. A cikinsu ta ware uku manya, ta ɗauka a ka ta kai maƙera. Kowane dami ta sauke sai ta ji kamar naman jikinta ta yanka. Baba Cindo ya karɓa, don shi ma da ƙarfe da gawayi ba kyauta yake samu ba, ya sa mata albarka, ya kwance mata akuyarta.

Ta sussuka sauran, ta auna da ido. Ba zai kai su sabuwar kaka suna ci sau uku ba, amma in ta riƙa tsimi, ba za su miƙa hannu a ƙofar kowa ba. Ranar ta dafa sabuwar shinkafa, ta tatsi akuya ta zuba nono a kai. Yaran suka ci suka ƙoshi, ƙaramin ya ce, "Inna, gobe ma akwai?"

Ta ce, "Akwai."

To kun ji. Araha ba ta ado, abin da ya yanki ciyawa a kasuwa ba lallai ya yanki kara a gona ba. Kuma kafin ka ce abu mai kyau ya fi ƙarfinka, je ka tambayi mai shi da bakinka, kada ka ji kuɗinsa a bakin mai sayar da jabu.

Kurunkus, kan Dila can a daji. Duk wanda ya gan shi da tabarmar laujuna, ya ratse.